Wankan Jego a Ƙasar Ƙanƙara

Abin da na fara lura da shi da muka fito daga filin jirgi shi ne rana. Tana nan a sama tarwai, har tana kashe ido, amma ba ta da zafi ko kaɗan. Na miƙa hannuna cikin haskenta kamar yadda muke yi da sassafe a Doguwa in muna jiran a buɗe ƙofar makaranta, na ji wayam. Dariya ta kusa ƙwace mini. Na taɓa Inna na ce, "Inna, ranarsu ba ta aiki."

"Rufe bakinki kar iska ta shige miki ciki," in ji ta, tana ƙara jan mayafinta.

Yayata Bilki ce ta haihu a wani gari a arewacin Ingila, inda mijinta Yaya Nasiru yake karatu. Haihuwar fari ce. Da a gida ne, da gidanmu za ta dawo wanka. Tunda babu hali, sai wankan ya bi ta can. Ni kuma aka haɗa ni da Inna saboda ba ta jin Turanci. Ni da ko a aji in malama ta kira sunana sai muryata ta maƙale, ni aka ce in zama bakin Inna.

Yaya Nasiru ne ya tare mu. Yana hango Inna ya durƙusa a bakin titi, Turawa suna ta kewaye shi da akwatunansu. Inna ta kawar da kai gefe tana amsawa, "Lafiya lau, lafiya lau. Mun same ku lafiya?" Ba ta taɓa faɗin sunansa ba, surukinta ne. Sunan Yaya Bilki ma ba ta faɗa, 'yar fari ce. Shi "mai gidan nan" ne, ita kuma "yarinyar nan".

A cikin mota ban ƙifta ido ba. Bishiyoyi tsirara babu ganye ko ɗaya, gidaje duk iri ɗaya kamar an buga su da hatimi, karnuka sanye da riguna. Kowane na gani sai na ƙudurta zan ba ƙawayena labari.

Gidan a saman wani tsohon bene yake, ɗaki ɗaya da falo, sai ɗan kicin da banɗaki. Yaya Bilki ta buɗe mana ƙofa sanye da ƙatuwar rigar sanyi da hula, a cikin gida. Muka rungume juna muna kuka muna dariya. Ta ja mu ɗakin kwana ta rufe ƙofa da sauri, sai na ji ɗumi ya dafe mini fuska. Nan ne kaɗai ake kunna hita, na'urar ɗumama ɗaki. A tsakiyar gado ga jaririyar, Ummi, an naɗe ta kamar alkaki, hancinta kawai ake gani. Na sa yatsa na taɓa ƙafarta, ta callara ƙara har sai da na ja da baya.

"Haka take," in ji Yaya Bilki. "In hannunki da sanyi kar ki soma. 'Yar mulki ce."

Washegari Yaya Nasiru ya yafito ni. "Sa'a, zo in gabatar da ke wurin sarkin gidan nan."

Ya buɗe wani ɗan akwati a bayan ƙofa. Mita ce, da 'yan lambobi a fuskarta, da wani ɗan makulli na roba a soke a jikinta. Shi ake zarewa a kai kanti a saka masa kuɗi, a dawo a soka. Komai na gidan da lantarki yake aiki: girki, ruwan zafi, ɗumin ɗaki. Babu gas, babu itace.

"A nan ba a ɗauke wuta?" na tambaya a hankali.

"Ba a ɗaukewa. Sai dai mutum ya ɗauke wa kansa."

Ya koya mini dokokin gidan. Kar a cika buta da ruwa in kofi ɗaya za a sha. A buɗe labule in rana ta fito, a rufe kafin magariba, wadda a can ana idar da la'asar take biyowa. Kowace ƙofa a rufe ta. Wuta ta fi araha kafin gari ya waye, shi ya sa a lokacin tankin ruwa yake yin zafi. Kuɗin karatunsa da ɗan abin da yake samu a wani kanti inda yake jera kaya, da ƙyar suke kai wata. Ya ce abin da yake tsoro ɗaya ne: kar lambobin nan su ƙare Ummi ta kwana a sanyi.

"Amma kar ki faɗa wa Inna," ya ce. "Baƙuwa ce, kuma uwa ce."

Shi ya bar mana ɗakin ya koma falo, yana shiga wata jaka mai zif kamar buhu yana kwana a ciki. Da safe sai ka ga kansa kawai a waje, da hula.

Inna kuwa aikin da ya kawo ta ta sa a gaba. Wanka safe da yamma, da ruwan da zai sa fata ta yi ja. Ta taɓa ruwan famfo ta ce wannan ko jaririn kaza ba zai gasa ba. Ta ɗora tukwane a kan kowane murhu na kicin, ta cika buta, ta tafasa, ta juye, ta sake. Babu ganyen darbejiya, sai ta yi da tawul. Daga banɗaki sai ka ji Yaya Bilki tana ihu.

"Wayyo Inna, za ki dafa ni!"

"Da kin dahu da kin yi shiru. Juyo nan."

Bayan wanka ga kunun kanwa, ga farfesu yana ta ɓararraka a kan wuta. Ni kuma in na faki ido sai in leƙa akwatin bayan ƙofa. Lambobin suna ta zubewa kamar tsaba a gaban kaji. Yaya Nasiru in ya dawo shi ma sai ya leƙa, ya ɗan tsaya, sannan ya durƙusa a ƙofar ɗaki ya ce, "Sannu da aiki, Inna. Allah ya saka da alheri."

Ni ce 'yar aike tsakaninsu, ko da kuwa ƙofa ɗaya ce ta raba su. "Sa'a, ce wa mai gidan nan citta ta ƙare." "Sa'a, ce wa Inna za a kawo." Ranar da na yi dabarata ta farko, cewa na yi da Inna ruwan tanki ya fi zafi da asuba, kuma gaskiya ne. Wankan safe ya koma bayan sallar asuba, tukwane suka ragu. Yaya Bilki ta yi kwanaki tana hararata.

Ranar da ƙanƙara ta fara sauka ina tsaye a taga. Ba irin tamu ba ce mai faɗowa da ruwan bazara tana dukan kwano. Wannan a hankali take saukowa, shiru, kamar ana kaɗa rimi. Na karɓi makullin mita da sunan zuwa kanti, na sauka a guje. Na buɗe baki ta faɗa mini a harshe. Na taka ta tana ƙurus-ƙurus kamar garin rogo. Na ɗebo cikin hannu na hau da ita sama don Inna ta gani, ta taɓa da ɗan yatsa ta ce, "Ikon Allah. To fitar da ita kar ta ƙara mana sanyi."

A kasuwar Asabar aka cuce mu. Muna tafe ni da Inna muna magana, sai wani mutum ɗan ƙasarmu ya ji mu, ya taso da fara'a yana "Sannu Hajiya, sannu, ina gajiya?" da gurguwar Hausarsa. Ya ce ya taɓa zama a Kano, ya san Tiga, har kifi ya ci a can. Inna ta ji kamar ta ga ɗan ɗakinsu. A tebur ɗinsa akwai wata 'yar hita da ba ta fi tafin hannu ba, wadda ake sokawa a bango. Ya rantse mana ba ta kai ƙwan lantarki shan wuta ba, kuma za ta ɗumama gida har sai mun buɗe taga. Inna ta kwance bakin zani ta saya da kuɗin da matan unguwa suka ba ta na sallama, don mai gidan nan ya daina kwana a sanyi.

Ƙara take kamar injin markaɗe. In ka sa hannu a bakinta sai ka ji ɗumi, in ka janye shi ke nan. Mita kuwa ta ji daɗinta. Ba ta yi mako ba ta yi wani ƙauri ta mutu. Yaya Nasiru ya juya ta a hannu, sannan ya ce, "Sa'a, ce wa Inna na gode ƙwarai." Yaya Bilki ta cusa fuska a filo tana dariya har da hawaye. Asabar ta gaba da muka koma, wata mai sayar da furanni ce a wurin.

Ƙofar da take kallon tamu ta wata tsohuwar Baturiya ce, Madam Birenda. Kullum ta gan ni sai ta gaishe ni, ni kuma sai in sunkuyar da kai in wuce. Amma na lura da ita. Safar hannunta an yanke mata kan yatsu. A gindin ƙofarta kuma akwai wani dogon tsumma da aka cusa wa kaya, kamar maciji. Wata rana ta buɗe ƙofa ta same ni a tsugune ina kallonsa.

"Ba ya cizo," ta ce. "Iska yake tarewa. Ku ne masu jaririya?"

Na gyaɗa kai.

"Tsaya nan."

Ta fito mini da wata gorar roba da ake zuba wa ruwan zafi a sa a cikin bargo, da ledar nan mai ƙuraje da ake naɗe kayan fashewa. Ta nuna mini yadda ake fesa wa gilashin taga ruwa a manna ta. Na so in ce na gode, bakina ya ƙi. Sai na ɗan rusuna. Ta yi dariya ita ma ta rusuna, gwiwarta ta yi ƙas.

Daga ranar na sami sana'a. Na riƙa jiƙa bayan hannuna ina bin bango da tagogi ina farautar iska. Na naɗe tsohon zanin Inna na yi mana namu macijin. Na cusa auduga a ramin makulli. A saman tagar ɗaki na gano wata siririyar kafa mai ƙananan ramuka da iska take shigowa ta ciki, na hau kujera na liƙe ta da salatif ruf. Ɗakin ya riƙe ɗumi, lambobin mita suka rage gudu. Yaya Nasiru ya fara kirana Injiniya. In ya faɗa sai in gudu kicin, amma har kunnuwana daɗi suke ji.

Duk da haka wata rana da yamma, ana tsakiyar wanka, wuta ta ɗauke ɗif. Na ruga na danna maɓallin da Yaya Nasiru ya nuna mini, wanda yake ba da 'yar wutar aro kafin a je kanti. Ina juyowa na ga Inna a bayana, hannunta yana ɗigar ruwa.

"Mene ne wannan?"

Ban iya yi wa Inna ƙarya ba. Na faɗa mata komai, har da jakar da ake kwana a ciki ba don sha'awa ba.

Ta kalli mitar. Sannan ta ce, "Wato duk kwanakin nan itacen yaron nan nake ƙonawa, yana kallona yana ce mini sannu?"

Ta rage tukwane. Ta fara kashe hita da rana da kanta, mu duƙunƙune a bargo da gorar roba. Sai Ummi ta kama mura, hancinta ya toshe, tana shan nono tana saki tana kuka. A kwanakin nan ne kewar gida ta kama mu. In mun kira Baba a waya, ba maganarsa nake saurare ba, kukan awaki nake nema a bayansa, da sautin turmi daga gidan maƙwabta. Inna ta riƙa cewa sanyin Doguwa ma ai ba wasa ba ne in ya sauko daga duwatsu, amma wa ya taɓa jin mai jego ta ji sanyi? Ga kara, ga itace, ga kasko cike da garwashi a ƙarƙashin gado.

Sai ga shi a babban kanti, a can wani lungu, mun ci karo da wasu buhunan takarda an karya musu farashi. Ɗaya ya yage ta gefe. Inna ta tsaya cak.

"Sa'a, wancan ba gawayi ba ne?"

Gawayi ne. Na karanta rubutun jiki na ce an ce na gashin nama ne a waje.

"Su Turawa nama kawai suka san ana yi da shi," in ji Inna. "Ɗauko."

Da ma Inna ta zo da kaskonta na turaren wuta tun daga gida. Sau ɗaya ta kunna shi, wani farin abu a jikin silin ya kama tsuwa kamar za a tashi duniya, ta sa na hau kujera na ɗaure masa leda. A hanyarmu ta dawowa daga kanti da gawayin ta ce, "Kar ki faɗa wa mai gidan nan. Zai ga kamar an raina shi." Na zama ina ɗauke da sirrin kowa.

Yaya Bilki ta ɗan yi gardama, ta ce mai benen ba zai so ba. Inna ta ce mai benen ne zai shayar da yarinyar? Ta hura gawayin a kicin, ta yi ta fifita har hayaƙi ya ƙare, ya zama garwashi ja wur. Ta shigo da shi ɗaki.

Wayyo, daɗin ranar nan! Ɗumi irin na gida, mai shiga ƙashi, ba irin na hita mai busar da maƙogwaro ba. Muka cire safa. Inna ta gasa mana gyaɗa a gefen kaskon. Ina ta shiga da fita ina leƙa mita, lambobin suna tsaye kamar an ɗaure su, har rawa na taka a bayan ƙofa. Da yamma kanmu ya ɗan yi ciwo, muka ce rashin shan ruwa ne. Kafin Yaya Nasiru ya dawo an kashe, an ɓoye.

Washegari sanyin ya fi na kullum. Inna ta cika kaskon, ta ƙara da wata tsohuwar tukunya, ta ce in ja musu ƙofa da kyau in gyara macijin, sannan in je in sayo madara. Na fita kaina yana sarawa. Ina shaƙar iskar waje ya washe. Na daɗe a hanya. Wasu yara suna gina mutum da ƙanƙara a filin wasa, na tsaya daga nesa har sai da suka sa masa hanci da karas.

Da na dawo, abin da na fara gani shi ne dardumar Inna a ninke a kan kujera, yadda na bar ta. Butar alwala a bushe. Lokacin azahar ya shiga har yana neman fita, ga ranar can gajeriya. Inna ko a jirgin sama ba ta bari sallah ta wuce ta ba.

Na tura ƙofar ɗaki. Ɗumi mai nauyi ya tare ni. Inna tana zaune a ƙasa ta jingina da gado, kanta ya langaɓe, carbi ya zame daga hannunta. Yaya Bilki tana kwance. Na ce, "Inna." Shiru. Na ce, "Yaya." Ta yi wani gurnani ba ta buɗe ido ba. Na sa hannuna, wanda ya gama wasa da ƙanƙara, na kama ƙafar Ummi.

Ba ta motsa ba.

A lokacin na ji kaina ya sake fara sarawa. Ban san sunan abin ba, amma na san a ɗakin yake. Na sunkuci Ummi na fita da gudu, na riƙa dukan ƙofar Madam Birenda da ƙafa ina ihu. Ban san da wane harshe na yi ba. Ta fito, ta bi ni, tana hango garwashin ta ƙwalla ƙara. Tsohuwar nan da gwiwarta take ƙas, ita ta fizge ledar tagogi, ta wangale su duka, ta kira motar asibiti tana jan Yaya Bilki da hannu ɗaya. Na ajiye Ummi a kan rigar sanyina a bakin matakala, muka jawo Inna. Duk ɗumin da muka yi makonni muna tarawa ya fice a lokaci guda, ƙanƙara tana shigowa har kan gado.

Sai Ummi ta yi tari. Ta yamutsa fuska. Ta callara kukan nan nata na 'yar mulki. Na zauna a kan matakala na kama kuka tare da ita.

A asibiti aka sa wa kowannenmu abin shaƙar iska a fuska. Wata likita ta zauna ta yi mini bayani a hankali don in faɗa wa Inna. Ta ce garwashi yana fitar da wata guba da ba ta da wari, ba ta da launi, sai dai ta sa mutum barci. A ɗakin da iska take ratsawa ma tana yi wa mutane illa, balle wanda aka toshe ko'ina. 'Yan ramukan saman taga kuma da gangan aka yi su, ba a liƙe su, abin silin ma ba a rufe shi. Na tuna ɗakin Inna na gida, da asabari a ƙofa, da tazarar da ke tsakanin bango da kwano inda tsuntsaye suke shigowa.

Inna ce ta fi jimawa ba ta dawo daidai ba. Da ta buɗe ido ta cire abin fuskar ta ce, "Ina Bilkisu?" Tun da aka haife ni ban taɓa jin sunan a bakinta ba. Yaya Bilki daga gadon da ke gefe ta ce, "Ga ni, Inna."

Yaya Nasiru ya shigo a guje da rigar aikinsa. Ya duba 'yarsa, ya duba matarsa, sannan ya zo ya durƙusa a gaban gadon Inna. Na matso don in karɓi saƙo, Inna ta ɗaga mini hannu. Ta dube shi ido da ido.

"Me ya sa ba ka faɗa mini zancen kuɗin wutar nan ba?"

"Inna, da wane bakin?"

"Da wanda kake ce mini sannu da shi."

Ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suna rawa, ban san ko dariya ce ko kuka ba. Inna ta ce, "Na kusa kashe maka iyali don kar ka ji kunya." Ya ce, "Ni ma don kar ki ji kunya na yi shiru." Yaya Bilki ta ce, "To ku ci gaba da kunyar, ni dai a ba ni shayi."

Ni aka fara sallama. Su aka riƙe su don a ƙara duba Ummi. Yaya Nasiru yana can tare da su, sai Madam Birenda ta ce in wuni a wurinta. Ranar na fara shiga gidanta. Tsaf-tsaf yake, da hotuna a bango, da kyanwa a kan kujera. Amma ina zama na ga numfashina yana fita kamar hayaƙi. Hitarta a kashe take. Ta kunna saboda ni, kuma da za ta wuce kicin na ga ta ɗan buɗe akwatin bayan ƙofarta ta leƙa, ta ɗan tsaya, daidai yadda Yaya Nasiru yake yi. A kujerarta akwai barguna a jibge da ramin zamanta a tsakiya. Ta ce ɗanta yana wata ƙasa mai nisa. Wani lokacin, in ji ta, takan hau bas ta je ƙarshen layi ta dawo, don cikin bas da ɗumi. Ta faɗa tana dariya. Kofin shayinta ɗaya ne a kan tire, sai da ta wanko wani daga can saman kabad.

Da aka sallamo su, matsalarmu tana nan inda muka bar ta. Na ɓare salatif daga saman taga, iska ta dawo. An zubar da gawayi. Arba'in da saura, sanyi da saura, Ummi ba ta gama warkewa daga mura ba, mita kuma ba ta san an yi rashin lafiya ba. In aka kunna hita wuni guda, ba za a kai ƙarshen wata ba.

Na yi ta juya abin a raina, sannan muna cin tuwon semo na faɗa musu dabarar da ta zo mini game da Madam Birenda. Yaya Nasiru ya girgiza kai.

"Injiniya, mutanen nan ba haka suke ba. Kowa da ƙofarsa. Za ta ga kamar roƙo muka zo."

"Ai roƙon ne," in ji Inna, kai tsaye, ba ta bi ta kaina ba. "Matar da ta ja ni a ƙasa kamar buhun masara, wace kunya ta rage tsakaninmu? Je ki tambaya, Sa'a. In ta ƙi, ba dukanki za ta yi ba."

Ta zuba kunun gyaɗa mai zafi a kwanon sha, ta rufe, ta miƙo mini. Yadda muka kai arba'in Ummi ba ta sake kwana ko wuni a sanyi ba, daga wannan kwanon ya faro.

Tsakanin ƙofarmu da tata ba nisa, amma sai da na tsaya na maimaita Turancin a raina har ya zauna. Na waiwaya, na ga Inna ta leƙo da kanta ta ƙofa tana yi mini alama da haɓa. Na ƙwanƙwasa. Madam Birenda ta buɗe, da bargo a kafaɗarta. Na miƙa mata kwanon, ta riƙe shi da hannu biyu tana jin ɗuminsa. Muryata ta so ta maƙale, na ƙi ta.

Na ce, "Madam, ke kina jin sanyi a nan ke kaɗai, mu ma muna ji a can. Don Allah, ki riƙa zuwa wurinmu da safe mu kunna tamu hitar, ki kashe taki. Da yamma mu kuma mu zo wurinki da jaririyar. Innata za ta yi girki. Ki zo da kyanwar ma."